Saurin Cike Fom Ba Ya Ƙara Maki

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara, sai ka ga cibiyoyin kwamfuta a Kaduna, daga Television zuwa Barnawa da Sabon Tasha, sun cika maƙil da 'yan aji shida na sakandare, kowa riƙe da lambar NIN da kuɗin fom, ana turereniya kamar gobe za a rufe ƙofa. Mai shigar da bayanai ya ce "wace makaranta?", yaro ya ce ABU. Ya ce "wane kwas?", yaro ya ce likitanci, ko lauya, don haka baba ya ce a rubuta. Cikin minti goma an gama shawarar da ta cancanci gida ya yi mako guda yana juya ta. Hujjar iyaye ita ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. To, a wannan harka karin maganar ba ta yi aiki ba. JAMB ba ta ƙara wa kowa maki ko ɗaya don ya yi rajista ranar farko, jami'a kuma ba ta duba ranar da aka sayi fom. A Amurka ne wasu manyan jami'o'i ke karɓar takardun masu sammako tun farkon Nuwamba, a wasunsu ma wanda aka ɗauka ta wannan ƙofa dole ne ya je. Namu tsarin ba haka yake ba. Ribar sammako a nan ɗaya ce: yaro ya samu garin jarrabawa kusa da gida kafin gurabe su cika. Wannan riba ce ta gaske, amma ba ta kai a sayar mata da zaɓin farko ba.

Abin da ya kamata a zauna a lissafa shi ne maki. Jarrabawar JAMB, wato UTME, maki 400 ce. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 13,000 ba a duk faɗin ƙasar. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, kuma nan ne iyaye da yawa ke ruɗar kansu. Uba ya ji an ce 150, ɗansa ya ci 210, sai ya fara gaya wa maƙwabta an samu likita a gida. Wannan 150 ɗin ƙasan rijiya ce. Ma'anarta jami'a ba za ta sauka ƙasa da nan ba. Kowane sashe yana da nasa ma'aunin, kuma na likitanci ba son rai ne ke ɗaga shi ba. Hukumar da ke kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Dubbai ne ke rubuta ABU Zariya, amma asibitinta na Shika ba ya faɗaɗa don masu nema sun yi yawa.

Sai kuma batun da ya fi shafar unguwa irin Television, inda ɗan Zangon Kataf da ɗan Kachia ke zama aji ɗaya da ɗan Anambra da ɗan Imo. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a masu koma baya a ilimin boko. Jihar asali da aka rubuta a fom ake dubawa, ba inda aka binne cibiya ba. Yaron da aka haifa a Kaduna, ya yi firamare da sakandare a nan, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, in asalin iyayensa Anambra ne to a Zariya kason farko kaɗai yake takara a ciki. Mutum na iya cewa wannan ba adalci ba ne, kuma akwai abin dubawa a maganar, amma muhawarar ba za ta ƙare kafin a rufe rajista ba. Yara biyu masu maki ɗaya a benci ɗaya damarsu ba ɗaya ba ce, kuma abin takaici ne a ce uba yana biyan kuɗin darasin yamma shekara guda bai taɓa tambayar wannan ba.

Wani zai ce ai akwai zaɓi na biyu. Akwai shi a takarda. A aikace, manyan jami'o'in da ake rububi galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke kira tantancewa, don ko su sun yi musu yawa. Saboda haka wanda ya jefa zaɓinsa na farko inda makinsa ba zai kai ba, kusan ya jefa shekararsa ne, sai fa in ya farga da wuri. JAMB ta bar ƙofar sauya makaranta ko kwas bayan fitowar sakamako, da ɗan kuɗi kaɗan, amma sai a yi ta jan ƙafa ana "bari mu ga abin da Allah zai yi" har makarantun da za su karɓe shi su rufe tantancewa. Wasu kuma na jiran wani mai hanya a ofis, alhali tun 2017 duk ɗaukar da ba ta bi ta manhajar CAPS ba JAMB ba ta san da ita ba. Ga kuma sakacin da ba shi da uzuri: an yi rajista ana jiran sakamakon WAEC ko NECO, sakamako ya fito, ba wanda ya koma ya ɗora shi, sunan yaro ya tsaya cak.

Masu cewa irin wannan lissafi kashe wa yaro zuciya ne ba su yi wa maganar adalci ba. Yaron da ke cin kusan 300 a gwaje-gwajen makaranta, kuma kimiyyarsa ta tsaya da ƙafarta, ya rubuta Zariya gabansa gaɗi. Wanda ke yawo tsakanin 190 da 220 kuwa, abin da ke kashe zuciya shi ne ya shekara uku yana sake jarrabawa, ƙannensa na wuce shi. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan tun 2004, da reshenta a Kafanchan da asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ga Kaduna Polytechnic. Ga AFIT a Mando. Ga kwasa-kwasai a ABU ɗin kanta da ba a yi musu cincirindo kamar likitanci da lauya. Iyaye, kafin a fita da kuɗin fom, a je makaranta a tambayi malamin aji gaskiyar makin yaro, a binciki makin da sashen da ake so ya tsaya a kai bara, a duba jihar da za a rubuta. Ranar da sakamako ya fito a sake zama, in lissafi bai fita ba a sauya a makon, kada a jira wata.