Idan Bashi Ya Fi Ƙarfin Manomi: Me Zai Tafi, Me Zai Saura?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu mutanen ƙasar Gumel mun san haka, domin ƙasarmu jigawa ce, ruwan sama kuwa ba shi da tabbas. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, ko cutar da ta halaka gyaɗa a 1975. A irin waɗannan shekaru mutum yakan ci bashin taki da iri da bazara, kaka ta zo rumbu babu kome. Sai a ce wane ya karye. To, 'yan'uwa, karyewa iri-iri ce, kuma irin wadda ta sami mutum ita ke nuna abin da zai rasa da abin da zai rage masa.

Ta fari ita ce ta sulhu. Manomi ya kira masu bin sa gaban mai gari ko shugabannin ƙungiya, ya faɗi gaskiyar abin da ke hannunsa. A ƙara masa lokaci zuwa kaka mai zuwa, ko a yafe wani abu ya biya saura. A nan gonarsa da shanun huɗarsa da garmarsa suna hannunsa, da su kuwa zai nemi abin biya. Amma a rubuta yarjejeniyar, shaidu su sa hannu.

Ta biyu ita ce ta jingina. Wanda ya jinginar da gona, mai kuɗin ne zai riƙa nomanta har ran da aka fanshe ta. Bisa al'ada gonar ba ta zama tasa ba, ko da an daɗe, amma amfanin da yake ɗiba ba ya rage bashin sai in an yi sharaɗin haka. Ku lura kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da gonar karkara ko jinginar da ita sai da yardar ƙaramar hukuma. Mai jingina kayan da aka ba shi kaɗai yake riƙe da su, amma a kansu yana gaba da sauran masu bin bashi.

Ta uku ita ce ta hukuncin kotu. Mutum ɗaya ya kai ƙara, alƙali ya ce a biya. In ba a biya ba, sai a kama kaya a yi gwanjonsu: amalanke, babur, tumaki, buhunan riɗi. Kayan gwanjo ba sa yin daraja. San da zai yi kuɗi a kasuwar Maigatari ran Alhamis, da araha zai tafi. In kuɗin bai kai ba, sauran bashin yana nan, sauran masu bi kuma suna jira.

Ta huɗu ita ce wadda Dokar Karayar Arziki ta 1979 ta tanada, Babbar Kotun Tarayya ce kuwa ke jin irin wannan shari'a. Mai bin bashi yana iya kai ƙara, wanda ake bi ma yana iya kai kansa. In kotu ta ce mutum ya karye, dukiyarsa takan koma hannun wakilin da aka naɗa, ya sayar, ya raba wa masu bi gwargwadon bashin kowa. Misali, in ana bin mutum naira 400,000, kayansa suka yi naira 200,000, kowa zai sami wajen rabin kuɗinsa, bayan an cire kuɗin shari'a. Ana bar masa tufafi da shimfiɗa da 'yan kayan sana'a kaɗan. Ran da kotu ta sallame shi, yawancin sauran bashin ya faɗi, sai irin wanda ya ci da zamba. Kafin sallama kuwa, tsarin mulkin 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna. Wannan hanya tana da tsada da nisa ga ƙaramin manomi na Gagarawa ko Sule Tankarkar, amma ya kamata mu san da ita.

Ina bashin ƙungiyar gama kai? Ƙungiya mai rajista tana da ikon cire bashinta daga hannun jari da ajiyar mamba. In bai isa ba, sai ta juya kan waɗanda suka tsaya masa. Sallamar wanda ya karye ba ta sallami mai tsaya masa ba. Don haka kada ka sa hannu a kan abin da ba za ka iya biya ba.

Waɗansu kuma suna tsammani bashin banki da Asusun Lamunin Bashin Noma na 1977 ya tsaya wa kyauta ne. Ba haka ba ne. Asusun yana biyan banki har kashi 75 cikin ɗari na abin da ya maƙale, amma manomi bai fita ba. Mutuwa ma ba ta kashe bashi, sai an biya daga dukiyar mamaci kafin a raba gado.

Shawarata ita ce, kowane mamba ya rubuta bashin da ke kansa, da kayan da kowane bashi ke riƙe da su. Da zarar ka ga hatsi ya ƙi, je wurin sakataren ƙungiya tun kafin girbi, kada ka jira sammaci. Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don biyan tsoho. In sayarwa ta zama dole, fara da awaki da kaji, shanun huɗa da gona su zama na ƙarshe. Ku kuma shugabanni, ku riƙa ware ɗan hatsi kowace kaka domin baƙar shekara, don ɗan'uwan da ya faɗi ya sami abin dafawa ya tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.