Wayar ƙasa: a kula da ita in za a sake fitilar ɗaki

Yau hirarmu a kan wutar lantarki take, wadda muke ce wa kuran. Za mu yi magana kan fitilar ɗaki, da wata waya guda da ake kira wayar ƙasa.

Kuran da Nijelek ke kawowa cikin gidajenmu, ƙarfinsa bolt 220 ne. Wannan ƙarfi ya isa ya kashe babban mutum. Kuran kullum hanya yake nema ya shiga ƙasa. In bai samu waya ba, sai ya bi ta jikin mutum. Jiki mai zufa, da ƙafa ba takalmi, da siminti mai laima, duk suna sauƙaƙa masa hanya.

In an buɗe mazaunin fitila a gidan da aka yi wa aiki daidai, za a ga waya uku. Ta farko ja ce, ko baƙa, ko mai ruwan ƙasa. Ita ke kawo wuta, ita ce mai haɗari. Ta biyu shuɗiya ce, ita ke mai da wutar. Ta uku tana da launi biyu, kore da rawaya. Ita ce wayar ƙasa. Kanta ɗaya yana ɗaure a jikin ƙarfen fitila. Ɗaya kan yana zuwa ga wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, mai tsawon wajen metir 2.

Mene ne aikinta? Ku dubi doguwar fitilar neyon, gidanta na ƙarfe ne. Da zafi da daɗewa, robar da ta rufe waya takan bushe ta tsage. Sai jar waya ta taɓa ƙarfe, ƙarfen duka ya ɗauki wuta. Ido ba ya ganin haka, fitila kuma tana ci kamar kullum. In akwai wayar ƙasa, wutar za ta bi ta cikinta ta sauka ƙasa, kamar yadda ruwan damana ke bin indararo. Nan take babban makunnin da ke kusa da kwantar, wanda ake kira dijonktar, zai faɗi ya yanke wuta. In babu wayar ƙasa, ƙarfen zai zauna da wutarsa har ranar da wani ya kai hannu, ko maigida, ko uwargida mai goge ƙura.

To, in za ka sake fitila, ga abin da za ka bi.

Na ɗaya: ka yanke wuta daga dijonktar. Kashe makunnin bango bai isa ba. A wasu gidaje an haɗa makunnin a kan shuɗiyar waya. Fitila za ta mutu, amma wuta tana nan cikin mazauninta. Ka shaida wa mutanen gida kada kowa ya kunna sai ka gama.

Na biyu: ka gwada kowace waya da turnabis mai ƴar fitila a ciki. Ka fara gwada shi a inda ka san akwai wuta tun kafin ka yanke, don ka tabbata yana aiki. Kada ka dogara da launi kaɗai. A tsofaffin gidaje, da inda aka yi aikin ƙarambani, launi yakan ruɗi mutum.

Na uku: hannunka ya zama busasshe. Ka sa takalmin roba, ka hau kujerar katako. Kada ka hau gangar ƙarfe.

Na huɗu: ka duba cikin sabuwar fitila. In ta ƙarfe ce, za ka ga wani ƙaramin kusa mai alama: sanda guda a tsaye, da layi uku a ƙarƙashinta, kowane ya fi na bisansa gajarta. Nan ake ɗaure wayar ƙasa, a matse ta sosai. Kada ka yanke ta, kada ka naɗe ta ka tura cikin bango. Kada kuma ka haɗa ta da shuɗiya.

Akwai fitilar da ba ta bukatar wayar ƙasa. Alamarta ɗan akwati cikin wani akwati. An rufe wayoyinta rufi biyu. Yawancin na roba haka suke.

Wani zai ce: ni gidana waya biyu kawai na tarar. Gidaje da yawa haka suke. In haka ne, ka sayi fitila mai alamar akwati biyu, ka bar ta ƙarfe. Kada ka ɗaura waya a bututun famfo da sunan wayar ƙasa, don za ka iya kai wuta ga mai ɗiban ruwa. Ka nemi mai aikin lantarki da ya koyi sana'arsa, ya kafa maka sandan ƙasa. Ƙasarmu rairayi ne, da rani tana bushewa ƙwarai, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau. Don haka ya nemi wuri mai laima, ya auna da na'urarsa. Ka ce masa kuma ya sa maka ƙaramin dijonktar mai lamba 30 mA. Shi ne ke yanke wuta da sauri in ta fara bin jikin mutum.

In wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu, sai ta kama ku biyu. Ka yanke wuta tukuna. In makunnin yana nesa, ka ture shi da busasshen icce. Daga nan a kai shi gidan likita, ko da ya ce ya ji sauƙi, don wuta takan taɓa zuciya.

Ƴan'uwa masu karatun yaƙi da jahilci, yau in kun koma gida ku duba inda dijonktar ɗinku yake, ku nuna wa iyali. Ku karanta wa maƙwabta wannan takarda. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, mu kwana lafiya.