Motar Arha Mai Ciwon Giya: A Saya Ko A Haƙura?

Duk wanda ya zagaya wuraren sayar da motoci na hannu, ko a Berger ta Legas ne, ko a Kaduna ko Kano, da wuya ya rasa jin dillali yana cewa: "Alhaji, injin lafiya lau, kwano ba tabo, giya ce kaɗai take ɗan gardama." Daga nan sai a faɗi kuɗin da zai sa zuciyar mai saye ta tsinke don kwaɗayi. To, shin wannan tsintuwa ce, ko kuwa cinikin biri a sama?

Abin da ya jefa jama'a cikin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. A 1975, lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwa fil. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta karye, aka koma ga motocin da Turawa suka gama ci, watau tokumbo ko 'yan Kwatano. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sa'an nan a 2023 aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira a kasuwa. Tokumbon ma ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa idonsa ya koma kan motar da ke da aibi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, "ciwon giya" suna ne guda da ya rufe cututtuka masu yawa. A mota mai giyar hannu, idan aka taka totur injin ya yi ta kuka amma mota ba ta ƙara sauri ba, galibi farantin kuloci ne ya cinye, kuma gyaransa mai sauƙi ne. Idan kuwa giya tana gurnani wajen shiga, ko tana fita da kanta ana cikin tafiya, to ɓarnar tana cikin giyabos, sai an sauke an buɗe. Ita mota otomatik ta fi wuyar sha'ani. Alama guda, kamar fizga ko jinkirin ɗaukar giya, tana iya zama ƙarancin mai ko wata 'yar na'urar lantarki da ta mutu, tana kuma iya zama farantan ciki ne suka ƙone ƙurmus. Tsakanin gyaran farko da na biyu akwai tazarar sama da ƙasa.

Har ila yau akwai motocin da suka fito da ciwon tun daga masana'anta. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci fiye da miliyan 1 a Amurka, ciki har da Accord mai silinda 6, saboda giya ta biyu tana yin zafi fiye da kima. A 2009 kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyarsa ta CVT zuwa shekara 10 a kan motocin 2003 zuwa 2010. Kamfanin Ford kuwa ya sha ƙara a kotu a kan giyar Focus ta 2012 zuwa 2016. Muhimmancin wannan ga mai saye shi ne, idan ya je Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano neman giyabos na hannu, wanda za a ba shi daga irin wannan motar aka ciro shi, kuma mai yiwuwa ne yana ɗauke da ciwon gidansu. Lamunin gwajin da 'yan kasuwa ke bayarwa kuwa ba mai tsawo ba ne.

Saboda haka kada a biya ko kwabo sai an yi bincike. A zo da makaniken da ba shi da rabo a cikin la'ada. A tuƙa motar aƙalla rabin awa, da hawa da gangara da ribas, domin giya mai ciwo takan ɓoye halinta har sai ta ɗauki zafi. A duba man giya: idan ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, farantai sun tafi, idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ya shiga ciki. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da kafar jona na'urar bincike, wadda takan nuna inda laifin yake. Mai motar da ya hana a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Daga nan sai lissafi. Farashin gaskiya na irin wannan mota shi ne kuɗin da aka sallama, a haɗa da kuɗin gyara mafi tsada da za a iya fuskanta, da ladan makanike, da mai, da kuɗin janwe, da kwanakin da za ta yi a gareji. Alal misali, a ce lafiyayyar 'yar uwarta naira miliyan 6 ce, ita kuma an sallama ta miliyan 5. Idan canza giyabos zai lashe miliyan 1, mai saye bai ci ribar kome ba face wahala. Dalili kuma ya kamata a tambaya: in da gyaran mai sauƙi ne, me ya hana mai ita ya gyara ya sayar da tsada?

Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, sun kuma ba mai saye damar mayarwa idan an ɓoye masa. Amma wanda aka faɗa wa aibin ya yarda, wannan dama ta kuɓuce masa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Daɗin daɗawa, maganar ba ta tsaya ga aljihu ba. Giyar da ta saki a daidai lokacin da direba ke ƙoƙarin wuce tirela a hanyar Lakwaja, da iyali cike da mota, asararta ta wuce a ƙirga da naira.

Wanda wannan ciniki zai karɓa shi ne makanike, ko mai wata motar da zai hau kafin a gama gyara, muddin an gano takamaiman ciwon, kayan gyaran suna samuwa, kuɗin kuma suna hannu. Amma ma'aikacin da ya tara na shekara da shekaru, ko wanda ya ci bashi don ya yi kabu-kabu ya ciyar da gida, gara ya ƙara haƙuri ya nemi lafiyayya ko da ta fi tsufa ko ƙanƙanta. Kada garin neman ƙiba a samo rama.