Likitan Yara Ko Likitan Ido? Bayani Ga Masu Son Karatun Likita

A hutun Kirsimeti wata tsohuwar ɗalibarmu, 'yar nan Zinyau, ta kawo mana gaisuwa. Tana aji biyar a makarantar likitoci, ga shi an ba su 'yan makonni na zaɓi, wato kowa ya je asibitin da ya ga dama ya koyi aiki. Ita kuwa zuciyarta ta rabu biyu: tana son aikin yara, tana kuma son aikin ido. Da yake 'yan ajin kimiyya da yawa suna sha'awar wannan hanya, muka ga ya kamata mu bayyana yadda abin yake.

A Nijeriya karatun likita shekara 6 ne, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko ta Jos. Bayan nan sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan bautar ƙasa. Ba a tilasta wa ɗalibi ya zaɓi fanni tun yana makaranta. Zaɓin yakan zo ne ranar da zai cika takardar jarrabawar farko ta ƙwarewa, ko ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Kowane fanni da tasa jarrabawar, da kuɗinta, da watannin karatunta. Wanda ya sake shawara bayan ya ci, sai ya koma baya.

To, ga inda dabarar take. Shekarar gwaji an raba ta huɗu, wata uku-uku: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Ke nan ko ta so ko ta ƙi, 'yarmu za ta yi wata 3 cur a ɗakin yara, ta kwana da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ta ga lokacin damina yadda gado ɗaya ke ɗaukar yara biyu. Aikin ido fa? Ba ya cikin huɗun nan. Abin da ta gani a makaranta bai wuce 'yan makonni ba, su ma daga bayan kafaɗar wani.

Saboda haka muka ce mata kada ta raba makonnin biyu daidai don wai a yi adalci. Ta ba ido kaso mafi tsoka, tun da yara suna nan suna jiranta. Ba sai ta yi nisa ba ma. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1943, ga shi nan kusa, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Da a ce fannonin biyu duk suna cikin huɗun ne, da shawararmu ta bambanta: sai ta tafi ƙaramin asibiti irin na Rano, ta ga yadda likita ɗaya ke riƙe kome da kome.

In ta je, kada ta tsaya kallon ranar da aka cire wa tsoho yanar ido ya buɗe yana godiya. Wannan kowa zai so shi. Ta lura da ranakun da ba labari: layin masu hawan jinin ido waɗanda ganinsu ba zai dawo ba, da zama sa'o'i a kan madubin tiyata. Hannunta yana rawa? Ta tambayi ƙananan likitoci, ba shugaban sashe kaɗai ba, sau nawa suke kwana a asibiti, da ko suna samun zuwa sujada ran Lahadi.

Mahaifinta dai yara yake so ta yi, don bai manta da sanƙarau na 1996 ba. Mun roƙe shi ya bar ta ta dawo daga Kano tukuna. Ta riga ta rubuta takardar neman gurbi, shugaban makarantarsu ya sa hannu.