Makaman askarawa: ɗaki ɗaya tukuna, sannan na biyu

Duk wanda ya san Kalfu, nan kusa da Tawa, ya san yadda ɗan ci-rani yake gina gidansa. In ya dawo daga Abijan da ɗan abin da ya tara, sai ya tayar da ɗaki ɗaya, ya rufa, ya bari damina ta gwada shi. In rufi bai zuba ba, baɗi ya ƙara na biyu. In magini ya cuce shi, hasararsa ba ta wuce ɗaki guda ba. To, jama'a masu karatu, wannan dabara ta talakan Adar ita ce manyan ƙasashe suka mayar doka wajen sayen kayan yaƙi.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ba a ba da kwangilar komai da komai a rana ɗaya. Ana raba buƙatar askarawa kashi-kashi. A sayi kashi na farko, ɗan kaɗan, a ba sojan da ke fagen daga ya gwada shi cikin ƙura da zafin rana, ya faɗi aibinsa, a gyara, sannan a fidda kuɗin kashi na biyu. Kowane mataki ƙofa ce: a nan hukuma ke yanke shawarar ci gaba ko tsayawa.

A Amurka, ma'aikatar tsaro ta fifita wannan hanya cikin ƙa'idodinta na 2003. Jirgin yaƙi na F-16, da ya fara tashi a 1974, haka aka raine shi, rukuni bayan rukuni, kowanne ya ɗara na baya. Wani babban shirin sojan ƙasa kuwa, da aka so ya sake motocin yaƙi da na'urorin sadarwa gaba ɗaya, an ƙaddamar da shi a 2003, aka soke shi a 2009 bayan ya ci wajen dala miliyar 18.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana namu. Ran 6 ga Oktoba 2016 askarawa 22 suka rasu a Tazalit, cikin jahar Tawa. Ran 10 ga Disamba 2019 aka kashe 71 a Inates, ran 9 ga Janairu 2020 kuma 89 a Shinagodar. Ana cikin wannan makoki ne, a Fabrairu 2020, binciken da sufetocin rundunar soja suka yi kan kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito fili. Rahoton farko ya ambaci hasarar kuɗin Sefa miliyar 76. Daga baya ɓangaren shari'a ya tsayar da lissafi a kan fiye da miliyar 32. Aibi iri biyu aka gano: kayan da aka ninka wa farashi, da kayan da aka biya amma ba su taɓa isowa ba. A kan jirage biyu masu saukar angulu ƙirar Rasha da aka saya a 2016, masu binciken sun ƙiyasta ƙarin kusan dala miliyan 20.

Da ana biya mataki-mataki, sai an ga kaya an gwada su, da ɗan kwangilar da bai kawo kashi na farko ba bai ga kuɗin na biyu ba. Ɓarna ta yi girma ne saboda an ba da manyan kwangiloli ba tare da takara ba, a ƙarƙashin sirrin tsaro.

Sai dai gaskiya a faɗe ta, hanyar tana da nata nauyi. Wanda ya sayi kaɗan-kaɗan yakan biya tsada a kan kowane guda. In kuma aka yi sakaci, sai a wayi gari da kaya daga ƙasashe barkatai: jiragen Su-25 daga Yukren a 2013, C-130 daga Amurka a 2021, marasa matuƙi Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022, kowanne da nasa makanikai da kayan gyara. Haka nan mai ha'inci yana iya yayyanka kwangila ƙanana-ƙanana don ya kauce wa takara. Kuma maƙiyi ba ya jiran kowa: ran 21 ga Maris 2021 mutane 137 aka hallaka a ƙauyukan Tiliya. Saboda haka dole matakan su kasance gajeru, na watanni, kuma kowanne ya bar wa soja abin da zai yi aiki da shi nan take.

A Fabrairu 2024 wata doka ta fitar da sayayyar tsaro daga ƙa'idodin kwangilolin gwamnati, saboda larurar yaƙi. Duk inda idon waje ya ragu, wajibi ne na ciki ya ƙaru, wato sufeton da zai ƙirga kaya da sojan da zai ce sun yi ko ba su yi ba. Kuɗin nan harajin manomin albasa ne da makiyayi, kuma ƴaƴansu ne ke cikin motocin da aka saya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu lafiya.