Gubar Arsenik a Wuraren Haƙar Zinare: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Duk inda ake fasa dutse don neman zinare, zancen guba ba ya ƙarewa. Arsenik na cikin gubar da kan zo tare da zinare, kamar yadda yake a Obuasi ta ƙasar Gana. Bari mu tace maganganun da ke yawo.

"Duk arsenik ɗin da ke cikin ƙasa jiki na shanye shi." Ba haka ba ne. Wanda ya narke a ciki shi ke shiga jini. Masana kan tankaɗe ƙasar, su ɗebi lallausar da ke manne wa hannu, su zuba ta cikin ruwa mai tsami irin na cikin mutum, a zafin jiki, digiri 37, na awa guda, sannan su auna abin da ya narke. Ana kuma gwadawa a kan 'ya'yan aladu da ɓeraye. Inda ba a yi gwajin ba, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kan ƙaddara cewa kashi 60 cikin 100 ne jiki ke shanyewa.

"To ashe ba abin tsoro." Kuskure ne. Arsenik da ke kulle cikin dutse ko manne da tsatsar ƙarfe ba ya saurin narkewa, amma wanda ya fito daga gasa dutsen ma'adinai yana narkewa da sauƙi. Niƙa ma na ƙara haɗarin.

"Arsenik ne ya kashe yaran Zamfara a 2010." A'a, dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutse cikin gidaje, kuma dalmar irin mai saurin narkewa a ciki ce.

"Yara sun fi shiga haɗari." Gaskiya ne. Mai rarrafe komai ya taɓa sai baki.

"Tafasa ruwa ko shan nono na kashe gubar." Ƙarya ce. Tafasawa ba ta fitar da arsenik. Ruwan ne ke ƙonewa ya bar shi. Arsenik ba shi da wari ko ɗanɗano, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Shan sa na shekaru kan kawo tabo a fata, kaurin tafin hannu da na ƙafa, har da sankarar fata, huhu da mafitsara.

Don haka a raba injin niƙa da gida, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a kuma nemi hukuma ta gwada ƙasa da ruwan rijiya. Rigakafi ya fi magani.