Idan An Taɓa Addini: Yadda Tattaunawa Tsakanin Musulmi Da Kirista Ke Kashe Wutar Fitina

Babu Musulmar da za ta ji an ci zarafin Manzon Allah (SAW) ko an wulaƙanta Alƙur'ani mai girma ranta bai ɓaci ba, domin wannan ɓacin rai alama ce ta imani. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne abin da ke biyo bayan ɓacin ran. Sau da yawa kafin malamai su ce uffan, kafin hukuma ta bincika, an riga an tare hanya, an cinna wa kasuwa wuta, an kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Idan ƙura ta lafa kuma, mu mata ne ake bari da takaba, da marayu, da zaman gudun hijira a barikin soja ko ajin makarantar firamare. Saboda haka maganar zama a tattauna tsakanin Musulmi da Kirista ta shafi ɗakin kowace uwa.

Abin Da Ya Faru A Kaduna

A ranar 16 ga Nuwamba, 2002, cikin watan azumi, jaridar ThisDay ta buga wani rubutu a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja, inda marubuciyar ta ambaci Manzon Allah (SAW) da kalaman da ba su dace ba. Jaridar ta nemi gafara, amma hakan bai hana a ƙone ofishinta na Kaduna ba. Daga nan rikici ya bazu cikin unguwanni, aka shafe kwanaki ana yi, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista, aka ƙone masallatai da majami'u da gidaje. Masu gasar sun kwashe kayansu sun koma Landan, wadda ta yi rubutun ta bar ƙasar. Waɗanda aka binne kuwa talakawan Kaduna ne, kuma mafi yawansu ko ganin jaridar ba su yi ba.

Wannan ya zo ne shekaru biyu bayan rikicin Shari'a na 2000, wanda ya raba garin gida biyu: Musulmi suka tattara a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka koma kudancin kogin Kaduna, irin su Sabon Tasha da Narayi. Matan da suka yi shekaru suna aro wa juna turmi da gishiri, suna zuwa wa juna barka da gaisuwar mutuwa, sai ga shi kogi ya shiga tsakaninsu. Yaran da aka haifa bayan nan sun tashi ba su san maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, sai labarinsa da suke ji, labarin kuma ba mai daɗi ba.

Liman Da Fasto

A cikin wannan gari ne aka sami wasu mutum biyu da labarinsu ya zagaya duniya, wato Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. A ƙuruciyarsu kowannensu jagoran matasa ne masu zafin kishin addini, kuma suna gaba da juna. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya watsu har cikin Kaduna, Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, shi kuma Imam Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu.

A 1995 wani abokinsu ya haɗa su a wurin wani taro, ya nemi su yi magana da juna. Ba nan take zukata suka huce ba. Imam Ashafa ya sha bayyana cewa huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda limamin ya kawo tarihin yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah (SAW) har jini ya zuba, amma ya ƙi yarda a halaka su, yana fatan a sami masu bauta wa Allah daga zuriyarsu. Shi kuwa Faston ya ɗauki shekaru kafin ya saki jiki, kuma cikin abubuwan da suka sanyaya masa rai har da zuwan da Imam ya yi duba mahaifiyarsa lokacin da take kwance a asibiti. A lura, 'yan'uwa, duba mara lafiya, wanda mu mata muka fi kowa yi, shi ya taimaka wajen buɗe ƙofar da wa'azi kaɗai bai buɗe ba.

Su biyun suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna. Da ƙoƙarinsu, a ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku kacal bayan haka rikicin gasar kyau ya ɓarke. Wannan ya nuna cewa sa hannun manya a takarda ba ya isa idan maganar ba ta sauko cikin unguwa da gida ba. Amma ba su karaya ba. Bayan kashe-kashen Yelwa da ke ƙaramar hukumar Shendam a jihar Filato a 2004, sun yi ta kai-komo har aka ƙulla sulhu a 2005. A watan Fabrairun 2006 kuma, lokacin da zanen ɓatanci da wata jaridar ƙasar Denmark ta buga ya jawo asarar rayuka a Maiduguri, aka kuma yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Onitsha, Kaduna wadda kowa ke wa fargaba ba ta kama da wuta ba. A wannan karon malamai da fastoci sun riga sun san juna, kowa ya san wanda zai kira kafin gari ya waye.

Shin Addini Ya Yarda?

Wasu 'yan'uwa kan ji tsoron cewa zama da Kirista a tattauna tamkar sassauci ne a aƙida, ko haɗa addinai a mayar da su ɗaya. Wannan damuwa ce mai kyau, kuma amsarta na cikin tarihin Manzon Allah (SAW). Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ƙasar Habasha ya tura sahabbansa, maza da mata, wurin sarki Najjashi wanda a lokacin Kirista ne. Da aka kira su fada, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai ɓoye abin da Musulunci ya ce game da Annabi Isa (AS) ba, ya karanta Suratu Maryam, sarkin ya ba su mafaka. Haka kuma tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina, aka yi muhawara da su a kan Annabi Isa (AS), ba su karɓi Musulunci ba, amma suka koma gida da alkawarin kare rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu.

Alƙur'ani ma ya shimfiɗa ƙa'ida. Aya ta 46 a Suratul Ankabut ta yi umarni da a yi jayayya da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuwa ta wajabta bincike idan labari ya zo, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Imam Ashafa yana nan a Musuluncinsa, Fasto Wuye yana nan a Kiristancinsa. Abin da suka amince a kai shi ne hana zubar da jini.

Yadda Tattaunawar Ke Aiki

Amfanin farko shi ne ilmantarwa. Kiristoci da yawa ba su san matsayin Manzon Allah (SAW) a zuciyar Musulmi ba, ba su kuma san cewa imanin Musulmi ba ya cika sai ya girmama Annabi Isa (AS) da mahaifiyarsa Nana Maryam ba. Mu ma akwai kalaman da yaranmu ke jifan su da su a hanya waɗanda ke musu ciwo. Wanda aka zauna aka fahimtar da shi ya fi kiyaye harshensa.

Na biyu, idan wani ya yi ɓatanci, shugabannin addininsa su ne za su fara fitowa su yi tir da shi, wanda hakan ke raba mai laifi da sauran jama'arsa. Na uku, a miƙa maganar ga hukuma, domin dokar ƙasa ta tanadi hukunci ga mai cin zarafin addini, a Shari'a kuma alƙali ne ke yanke hukunci bayan shaidu, taron jama'a ba shi da wannan hurumi. Shi ya sa a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi Allah wadai da kisan, shi ma Bishop Matthew Hassan Kukah ya roƙi jama'a su kwantar da hankali. Tun 1999 akwai majalisar addinai ta ƙasa da Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke jagoranta tare saboda irin wannan rana.

A duniya ma haka ake yi. Bayan jawabin Paparoma Benedict na 2006 a Jamus, wanda ya fusata Musulmi, malamai 138 sun rubuta wa shugabannin Kirista budaɗɗiyar wasiƙa a 2007 suna kiran su zuwa ga kalma guda da aka yi tarayya a kai. A 2019 kuma Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, da marigayi Paparoma Francis sun sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi. A maƙwabtanmu Nijar kuwa, a Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata mujallar Faransa ta yi, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki.

Rawar Da Mata Za Su Taka

A 2010 ƙungiyoyin mata Musulmi da Kirista a Kaduna, ciki har da FOMWAN, suka haɗu suka kafa majalisar mata mabiya addinai, bisa ƙoƙarin wata 'yar ɗarikar Katolika mai suna Kathleen McGarvey. Suna ziyartar waɗanda rikici ya shafa tare, suna wayar da kan mata da matasa, har aka ba su lambar yabo ta zaman lafiya ta birnin Aachen na Jamus a 2021. To amma ba sai uwargida ta shiga ƙungiya ba. Ga abin da kowace za ta iya yi daga ɗakinta:

Ki tace labari kafin ki tura. Yau jita-jita a WhatsApp da Facebook take yawo, wani hoton ma na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Idan saƙo ya zo yana cewa an zagi addini a wuri kaza, ki tambayi malamar Islamiyya ko maigida, kada ki zama ke ce kika kai shi waya ta gaba.

Ki riƙe ɗanki a gida ranar da gari ya ɗau zafi. Waɗanda ke tare hanya samari ne, kuma kowanne uwa ce ta haife shi. Ki faɗa masa tun yana ƙarami cewa son Annabi (SAW) koyi ne da halayensa, kuma jinin maƙwabci haramun ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki gyara harshen gida. Sunan da kike kiran Kirista da shi a gaban yara, shi za su fita da shi waje.

Ki raya haƙƙin maƙwabtaka. Abincin Sallah, barkar haihuwa, duba mara lafiya, gaisuwa a asibitin awon ciki da kasuwa, su ne ke sa a san juna. Ba a fafe gora ranar tafiya, zumuncin da aka ƙulla lokacin lafiya shi ke amfani ranar tashin hankali.

Mu tuna da Malam Abdullahi Abubakar, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a jihar Filato. A watan Yunin 2018, da maharan suka afka wa yankin, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi miƙa su. Matan da ke cikin waɗanda suka tsira a cikin gidansa aka ɓoye su, wurin iyalinsa. Irin wannan gida ake so kowace Musulma ta gina.

Allah Ya ƙara mana son Manzonsa (SAW) da bin sunnarsa, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.